Yadda za ka kula da sikirin na'urar karatu ya daɗe bai fashe ba

Na'urar karatu ta farko da na mallaka, wato 'yar na'urar nan ta lantarki da ake zuba littattafai a ciki a karanta, ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma ruwa ta sha ba. Na sa ta a jakar goyo tsakanin littafin rubutu da kan caja, na shiga mota na jingina da jakar a bayana. Da dare na ciro ta zan ƙarasa babin da na fara, sai na tarar rabin shafin na sama yana nan da rubutun da na bari da safe, rabin ƙasa kuwa ya koma layuka baƙi da fari, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar saƙar tabarma. Na shafa yatsa a kai, sumul, babu tsaga ko ɗaya. Na kashe na kunna, na jona ta a caji, na kwana biyu ina sa rai. Ashe tun a cikin motar aikin gama ya gama.

Yawancin masu irin wannan na'ura ƙarzuwa suke tsoro, domin ita suka sani a waya. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙarzuwa galibi tana ɓata kyau ne kawai, za ka ci gaba da karatunka. Abin da ke kashe sikirin na'urar karatu shi ne danni da lanƙwasa, kuma ɓarnar tana faruwa ne a can ciki inda ido ba ya kaiwa. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Mataki na farko: san abin da ke ƙarƙashin yatsanka

Kusan duk na'urorin karatu da aka sani, Kindle ne ko Kobo ko PocketBook ko Boox, sikirinsu daga kamfani ɗaya yake fitowa, wato E Ink. An kafa shi a 1997 daga binciken da aka yi a jami'ar MIT ta Amurka, daga baya wani kamfanin Taiwan ya saye shi a 2009. Kamfanin Sony ne ya fara sayar da na'urar karatu mai wannan sikirin a Japan a 2004, Kindle na farko ya biyo baya a 2007.

Sikirin hawa-hawa ne, kamar an jera takardu an manne su. A tsakiya akwai miliyoyin ƙananan ƙwayoyi, kowace faɗinta bai wuce kaurin silin gashi ba. A cikin kowace ƙwaya akwai ruwa garau da ɓurɓushin launi iri biyu, fari da baƙi, kowanne da irin cajin lantarkinsa. Idan aka turo wuta daga ƙasa, wani launin ya taso sama, ɗayan ya nutse. Da zarar sun zauna, ba sa bukatar wuta kuma, shi ya sa hoton yake tsayawa ko da an kashe na'urar, shi ya sa kuma batir yake kai makonni.

To me ke turo wutar daga ƙasa? Wani faranti ne da aka shimfiɗa wa ƙananan makunnai da siraran hanyoyin lantarki a tsaye da a kwance. A yawancin na'urori wannan farantin gilashi ne, kuma kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Shi ne ran na'urar, shi ne kuma mai rauninta. Idan ya tsage, hanyoyin da suka ratsa wurin sun yanke, duk ƙwayoyin da ke kan wannan layin sun daina karɓar umarni, sai su daskare a kan hoton ƙarshe da suka nuna. Layukan da na gani a tawa ke nan.

A saman ƙwayoyin kuma akwai shimfiɗar da ke jin taɓawar yatsa, da wata shimfiɗa mai raba haske. Ka riƙe wannan ta biyun a ranka, za mu dawo kanta. Fitilun na'urar karatu ba a bayan sikirin suke ba kamar na waya. A gefe suke, galibi ta ƙasa, suna harba haske cikin wata siririyar roba, ita kuma ta watsa shi a kan shafin. Kindle Paperwhite na 2012 na cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari.

Akwai sikirin da farantinsa roba ne ba gilashi ba, E Ink suna kiransa Mobius. Shi aka sa a babbar na'urar Sony mai inci 13.3 ta 2013, da Kobo Forma na 2018. Ya fi jure lanƙwasa nesa ba kusa ba, sai dai na'urorin da ke da shi kaɗan ne. Idan takardar na'urarka ba ta faɗi ƙarara cewa farantin roba ne ba, ɗauka gilashi ne. Kada kuma fuskar waje ta ruɗe ka: na'ura tana iya zama da roba a sama, ko gilashi mai tauri a sama, amma wancan siririn gilashin na ciki yana nan yadda yake.

Mataki na biyu: duba ta tun ranar da ta shigo hannunka

Sabuwa ce ko ta hannu, kafin ka fara zuba littattafai yi wannan gwajin na minti biyar. Buɗe shafin da babu rubutu sosai a kansa, shiga ɗaki mai duhu, ƙure hasken. Duba ko akwai ɗigon da ya fi sauran wurin haske kamar tauraro, ko wani tabo mai duhu. Ɗan inuwa a bakin ƙasa inda fitilun suke ba laifi ba ne, haka da yawa suke zuwa. Sai ka rage hasken gaba ɗaya, ka juya shafi goma a jere kana kallon ko akwai layin da ba ya canjawa. Daga nan ɗora na'urar a kan teburi shimfiɗaɗɗe mai tauri, ka danna kusurwoyinta a hankali ɗaya bayan ɗaya. Idan tana rawa, ko dai jikinta ya karkace ko batir ya fara kumbura. Abin da ka gano a makon farko ana iya canja maka. Wanda ka gano bayan wata shida zai zama gardama.

Mataki na uku: saya mata riga mai murfi mai tauri

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, kuma shi mutane suka fi kuskurewa, ba don ba sa sayen riga ba sai don suna sayen wadda ba ta dace ba. Rigar roba mai laushi da ke rufe baya da gefe kawai, irin ta waya, tana taimakawa idan na'urar ta faɗi, amma ta bar fuskar a buɗe. Jakar ƙyalle mai soso kuma tana hana ƙarzuwa, amma idan kan caja ya tokare ta, dannin zai ratsa soson ya isa gilashi kamar babu komai.

Abin da kake nema murfi ne mai tauri da ke kifuwa a kan sikirin kamar bangon littafi. Aikinsa shi ne ya karɓi dannin da ya zo wuri ɗaya ya raba shi zuwa gefunan na'urar, inda jikinta ya fi ƙarfi. Kafin ka saya, cire na'urar ka riƙe murfin da hannu biyu ka gwada lanƙwasa shi. Idan ya bi hannunka kamar kwalin sabulu, ajiye shi. Duba cikinsa kuma: ya zama mai laushi, babu zif, babu maɓalli, babu aljihun kati a ɓangaren da ke taɓa sikirin. Wannan aljihun katin da ake yabawa, da zarar ka cusa masa kati biyu ya zama tudun da ke danna gilashi duk lokacin da aka rufe.

Rigar ta zama wadda aka yi domin samfurin na'urarka daidai. Wadda ta yi tsam har sai ka murɗa na'urar kafin ta shiga, ita kanta haɗari ce. Idan za ka cire, fara da kusurwa ɗaya, ka janye rigar daga jikin na'urar, ba ka tura na'urar daga baya da babban yatsa ba. Na'urori da yawa a wajen sa riga da cire ta suke fashewa.

Maganaɗisun da ke cikin murfin, wanda ke sa na'urar ta yi barci idan an rufe ta kuma farka idan an buɗe, ba ya cutar da sikirin. Sai dai kafin ka rufe, duba ko wani abu ya kwanta a kan shafin. Biro, abin sauraren kunne, ko ɗan tsakuwa, idan murfi ya rufe a kansa ya zama ƙusa.

Mataki na huɗu: koyi yadda ake sa ta a jaka

Ko da riga, wurin da ka ajiye ta a jaka yana da muhimmanci. Sa ta a tsaye, a jingine da wani abu shimfiɗaɗɗe mai tauri, kamar kwamfutar tafi-da-gidanka ko littafi mai bango mai kauri, fuskarta na kallon wannan abin. Caja, makullai, gorar ruwa, batirin ajiya, duk wani abu mai kusurwa ko ƙullutu, a wani aljihun daban. Kada ka cika jakar har sai ka danne ta da gwiwa kafin zif ya rufe.

Aljihun baya na wando kuwa, haram ɗin na'urar karatu ne. Masu inci 6 suna shiga daidai, shi ya sa jarabar take da ƙarfi, amma zama ɗaya ya isa. Haka akwatin tafiya da za a jefa cikin kaya a ɗora masa wasu: na'urarka ta zauna a jakar hannu.

Girman sikirin yana ƙara haɗarin. Masu inci 10 da ɗoriya, irin Kindle Scribe da Kobo Elipsa, faɗinsu ya sa ɗan lanƙwasa kaɗan a tsakiya ya fi yi musu illa fiye da ƙananan. Irin waɗannan kada ka ɗaga su ta kusurwa ɗaya da yatsu biyu. Tallafe su ta baya da tafin hannu.

Mataki na biyar: gado da kujera

A ganina gado ya fi titi cin na'urorin karatu. Mutum yana karatu barci ya ɗauke shi, na'urar ta zame cikin bargo, da asuba ya juya ya ɗora gwiwar hannu a kanta. Katifa tana lotsawa, don haka na'urar ba ta da abin da zai tallafe ta daga ƙasa, sai ta lanƙwashe. Haka kujera mai laushi, inda wani zai zo ya zauna bai san akwai abu a ƙarƙashin matashi ba. Ware mata wuri guda mai tauri kusa da inda kake kwanciya, kuma da zarar ka ga ka karanta layi ɗaya sau uku, rufe murfin ka miƙa ta can. Idan akwai yara a gidan, wurin ya zama inda hannunsu ba ya kaiwa, domin yaro da ya ga sikirin bai amsa da sauri kamar waya ba, ƙara dannawa zai yi.

Kai ma haka. Sikirin irin wannan yana ɗan jinkiri kafin ya juya shafi, halittarsa ce. Taɓawa yake ji, ba ƙarfi ba.

Mataki na shida: goge shi yadda ya kamata

Ga inda ƙarzuwa take shigowa, kuma galibi mai na'urar ne yake yin ta da hannunsa yana ganin tsafta yake yi. Ƙura ba gari ce zalla ba, akwai ƙwayoyin yashi a cikinta, yashi kuwa ya fi gilashi tauri: a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yana kan 7, gilashin yau da kullum kuma wajen 5.5. Balle roba. Idan ka ɗora ƙyalle a kan ƙura ka murza, ka mai da ƙyallen takardar goge katako.

Ga yadda za ka yi, a jere:

1. Kashe na'urar ko sa ta barci, ka cire ta daga caji.
2. Kifa ta ka ɗan girgiza, sannan ka kaɗe ƙurar da burushi mai laushi sosai, ko da 'yar robar hura iska ta masu kyamara. Kada ka fara da shafa.
3. Ɗauki ƙyallen goge tabarau mai tsafta, busasshe, ka shafa daga sama zuwa ƙasa ba tare da danni ba. Nauyin yatsunka ya wadatar.
4. Idan maiƙon yatsa ya ƙi fita, ɗiga ruwa mai tsafta a kusurwar ƙyallen, ka matse har ya zama danshi kawai, ka shafa, ka bi da busasshen ɓangaren. A kan ƙyalle ake sa ruwan, ba a kan sikirin ba.
5. Idan sikirin naka irin mai zurfi ne, wanda bakin na'urar ya ɗan fi shi tudu, bi lungun da burushin. Kada ka sa allura ko farce ko tsinke.

Wannan lungun yana da wani sirri. Wasu na'urori, musamman na shekarun baya irin Kindle Touch da Kobo Touch na 2011, ba fuskar sikirin ce ke jin yatsa ba. Wani haske ne da ido ba ya gani yake ratsawa daga gefe zuwa gefe, idan yatsa ya tare shi sai na'urar ta gane inda aka taɓa. Silin gashi ko ɓurɓushi a lungun yana iya tare hasken, sai ka ga shafuka suna juya kansu ko wani gefe ya daina amsawa. Mutum ya ɗauka ta lalace, alhali burushi kawai take bukata.

Abubuwan da ba za su kusanci sikirin ba: ruwan goge tagogi, domin da yawansu akwai ammoniya a ciki; ruwan cire jan farce; bilic; turare; man tsaftace hannu. Suna cin shafen da ke hana sikirin ƙyalli, su bar tabon da ba ya gyaruwa. Takardar goge hannu da gefen riga ma a bar su, zarensu ya fi yadda ake zato kaushi. Idan ka shafa maganin sauro a fata, musamman mai sinadarin DEET, wanke hannu kafin ka ɗauki na'urar, domin wannan sinadarin yana narkar da wasu nau'o'in roba. Ƙyallen kansa a riƙa wanke shi, a ajiye shi a cikin 'yar leda. Wanda ya kwana a buɗe ya riga ya kwashi ƙurar da kake gudu.

Yanzu ka tuna shimfiɗar nan mai raba haske. A na'urorin da take kusa da sama, ƙarzuwa ko ɗan rami ba ya tsayawa a matsayin ƙarzuwa kawai: hasken da ke tafiya cikin robar yana tserewa ta wurin, sai ka ga ɗigo ko layi mai walƙiya a tsakiyar shafi duk lokacin da ka kunna fitila. Da rana ba za ka lura ba, da dare kuwa idonka ba zai bar wurin ba. Shi ya sa makulli ɗaya a jaka yake iya ɓata maka karatun dare na shekaru.

Mataki na bakwai: ledar kariya, a sa ko a bari?

Ra'ayina shi ne, wanda ke da riga mai murfi ba ya bukatarta. Tana hana ƙarzuwa, gaskiya ne, amma ba ta hana gilashin ciki tsagewa ko kaɗan, kuma tana sa mutum ya saki jiki. Mai sheƙi tana dawo da ƙyallin da aka sayi na'urar don a guje masa, marar sheƙi kuma tana ɗan rage kaifin rubutu. Idan dole sai ka sa, misali kana karatu a wurin da yashi ya yi yawa, zaɓi siririya marar sheƙi. Wajen mannawa kada ka danne kumfar iska da ƙarfi da kati. Tura ta a hankali zuwa gefe. Wajen ɓarewa kuma a sannu, daga kusurwa, kana jan ta a kwance ba sama ba.

Masu na'urar da ake rubutu a kanta da alƙalami su riƙa duba bakin alƙalamin. An yi shi ne ya riƙa cinyewa don kada sikirin ya cinye. Da ya faɗaɗa ko ya yi kaushi a gefe, canja shi, kada ka jira ya ƙare har jikin alƙalamin ya fara taɓa fuskar.

Mataki na takwas: zafi, rana da sanyi

Karatu a cikin rana shi ne abin da wannan sikirin ya fi kowanne iyawa, ba matsala. Matsalar ita ce barin na'urar ta gasu. Takardar Kindle tana cewa a yi amfani da shi tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, a ajiye shi tsakanin 10 ƙasa da sifili zuwa 45. Motar da aka rufe a rana tana wuce wannan iyaka cikin sauƙi, musamman a gaban gilashi. Zafi yana sassauta gam ɗin da ya haɗa shimfiɗun sikirin, yana kuma tsufar da batir. Don haka ba a barin ta a mota, ko a bakin taga, ko a kan wata na'urar mai ɗumi. Idan ka ajiye karatu a waje, rufe murfin ka sa ta a inuwa.

Sanyi kuwa yana sa ruwan cikin ƙwayoyin ya yi nauyi, sai shafi ya riƙa juyawa a hankali yana barin inuwar rubutun baya. Wannan yana wucewa da kansa idan ta ɗumama. Bar ta a rufe a cikin rigarta ta dawo daidai a hankali. Kada ka kanga ta a wuta ko na'urar busar da gashi.

Mataki na tara: ruwa

Wasu na'urorin an yi su da kariyar ruwa. Kobo Aura H2O ya zo da ita a 2014, Kindle Oasis a 2017, Paperwhite kuma daga 2018. Alamar da za ka gani a yawancin na yanzu ita ce IPX8, wadda a waɗannan na'urori take nufin nitsewa har mita 2 na tsawon minti 60 a ruwan daɗi, wato marar gishiri. Lura da wannan kalmar. Ruwan teku, ruwan wurin ninkaya mai sinadari, ruwan sabulu da tururi ba sa cikin wannan alkawarin na mita 2. Idan irin wannan ya taɓa ta, ɗauraye da ruwa mai tsafta marar ƙarfi, tsane ta da ƙyalle, ka jingine ta ramin caji na kallon ƙasa, kuma kada ka jona caji sai ramin ya bushe sarai. Kariyar tana raguwa da tsufa da faɗuwa, don haka ɗauke ta a matsayin ceto idan tsautsayi ya afku, ba lasisin wanka da ita ba. Wadda ba ta da kariyar kuwa, idan ta jiƙe kashe ta nan take, cire rigar, ka bar ta a wuri mai iska kwanaki kafin ka gwada kunnawa.

Mataki na goma: batirin da ke bayan sikirin

Mutane ba sa haɗa batir da lafiyar sikirin, alhali a bayansa yake kwance. Batirin litiyam idan ya tsufa, ko ya sha zafi, ko aka bar shi babu caji ko ɗigo na watanni, yana iya kumbura, kuma wurin da zai tura shi ne wancan siririn gilashin, daga ciki, inda babu rigar da za ta kare shi. Idan za ka ajiye na'urar na dogon lokaci, bar ta da caji wajen rabi, kashe ta gaba ɗaya, ka riƙa ɗan ƙara mata duk bayan wata biyu ko uku. Kada kuma ta zauna a jone dare da rana; na'urar da ke kai makonni ba ta bukatar haka. Idan ka ga bayanta ya yi tudu, ko bakin ya fara rabuwa da jiki, daina caji, kada ka danna don ya koma, ka kai a canja batirin.

Mataki na goma sha ɗaya: bambance inuwa da fashewa

Ba duk abin da ya bayyana a sikirin ne mutuwa ba. Inuwar rubutun shafin baya, wadda ke kwance dishi-dishi a bayan sabon rubutu, ɗabi'ar sikirin ce. Don a yi sauri a kuma adana batir, na'urar ba ta wanke shafin gaba ɗaya a kowane juyi. Wannan ƙiftawar baƙi da kake gani lokaci-lokaci ita ce wankin. A saitin karatu akwai wurin da za ka ce a riƙa yin ta a kowane shafi, ko bayan shafuka kaza, ko a farkon kowane babi. Hoton da ke zama a fuskar lokacin barci ma, ko ya yi wata a wurin, ba ya ƙonewa ya zauna kamar yadda ake gani a wasu wayoyi da talabijin.

Masu launi, irin Kobo Libra Colour da Kindle Colorsoft da suka fito a 2024, suna da ƙarin shimfiɗar tace launi a sama, shi ya sa shafinsu ya ɗan fi duhu kuma ana ganin ɗan yashi-yashi idan an matso da ido. Haka aka yi su, ba lalacewa ba ce.

Idan sikirin gaba ɗaya ya tsaya a kan hoto guda cikakke, babu layi babu tabo, mai yiwuwa manhaja ce ta maƙale ko batir ya ƙare. Jona ta a caji na awa ɗaya, sannan ka danne maɓallin kunnawa ka riƙe. A Kindle daƙiƙa 40 ake riƙewa. Yawanci za ta ƙifta ta tashi.

Amma idan wani yanki yana canjawa wani ya daskare, ko akwai layuka miƙaƙƙu da suka ratsa daga gefe zuwa gefe, ko wani tabo mai kama da tsagar ƙanƙara da layukan suke fitowa daga gare shi, to gilashin ciki ne. Karkata na'urar a gaban haske, sau da yawa za ka hango siririyar tsagar a ƙarƙashin fuskar. Kada ka ɓata lokaci kana mai da ta saitin masana'anta, hakan zai share maka littattafai ne kawai bai gyara komai ba. Kada kuma ka bi shawarar masu cewa a danna wurin ko a sa ta a firji.

Mataki na goma sha biyu: idan ta riga ta fashe

Fara da ceton abin da ke ciki. Sikirin ne ya mutu, ƙwaƙwalwar na'urar tana nan da ranta. Jona ta da kwamfuta da wayar caji, ka kwafe littattafan da ka zuba da kanka da bayanan da ka yi wa alama. Wasu na'urorin sai an taɓa wani maɓalli a fuskar kafin su yarda su haɗu da kwamfuta. Idan ka tuna inda yake fitowa, taɓa wurin ko da ba ka ganinsa, domin shimfiɗar jin yatsa takan ci gaba da aiki bayan hoton ya daskare. Littattafan da ka saya ta asusunka suna nan a asusun, za su sauka a kowace na'ura ka shiga da shi.

Garantin kamfani, wanda galibi shekara ɗaya ne, yana ɗaukar laifin ƙira ne ba tsautsayi ba, don haka tsagewar gilashi ba kasafai take shiga ba. Gyara kuma ba a yi wa tsagar. Sikirin ake canjawa ɗungurungum. A nan sai ka auna, domin sikirin shi ne mafi tsadar abin da ke jikin na'urar, kuma a ƙananan samfura sau da yawa kuɗin canjin yakan kusa na sabuwa. A manya masu tsada kuwa gyaran yana da ma'ana. A 2024 Kobo ya haɗa kai da iFixit, wani kamfani mai koyar da gyaran na'urori, wajen samar da kayan gyara da bayanin yadda ake yi ga wasu sababbin samfuransa, don haka mai irin waɗannan ya fara dubawa can.

Idan za ka nemo sikirin da kanka, kada ka dogara da sunan na'urar kawai, domin suna ɗaya yakan rufe tsara da yawa. Buɗe ta, ka karanta lambar da aka buga a bayan tsohon sikirin ko a jikin siririyar wayarsa, ka nemi mai wannan lambar daidai. Cire haɗin batir kafin ka taɓa komai, kuma da abin roba ake ɓanɓare jikin, ba da wuƙa ba, don kada ka huda batirin. Ka sani kuma na'urar da aka buɗe tana iya yin sallama da kariyar ruwanta.

Idan ka yanke shawarar rabuwa da ita, shiga asusunka ta kwamfuta ka cire rajistarta tukuna, sannan ka kai ta inda ake karɓar tsofaffin kayan lantarki. Batirin litiyam ba ya shiga kwandon shara, yana iya kamawa da wuta idan aka matse shi.